Lamba Biyar da Rabi

Litinin, 3 ga Nuwamba, shida da kwata na yamma

Wannan littafin na aikin shago ne. A ciki nake rubuta wa yake son ƙarfen ƙasan takalmin ƙanƙararsa da kaifi sosai, wa yake son sa da sauƙi. Ban taɓa zuba masa wata magana ba. Yau dai ya yi haƙuri da ni.

Da rana wani ƙato ya shigo, wai in ba shi takalmin hoki, wasan sanda na kan ƙanƙara, daidai da lambar takalmin da yake zuwa ofis da shi. Na ce masa wannan ba silifas ɗin banɗaki ba ne. Takalmin ƙanƙara sai ya gaza na yawo da lamba ɗaya da rabi, babban yatsa ya riƙa shafar gaba kaɗan, diddige ya zauna daram. Ya ce, "Kai dai Raimo ka cika taurin kai, kuɗina ne ko naka?" Na ce ƙofa tana nan inda ya bar ta. Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a, ban taɓa sayar wa mutum lambar da ba tasa ba. Na rubuta wannan ne don in tuna irin mutumin da nake da ƙarfe biyun ranar yau.

Ƙarfe huɗu Pihla ta shigo. 'Yata, ita ɗaya gare mu, shekararta ashirin da huɗu, tana tsaron baya a ƙungiyar hokin matan garin nan. Ta faɗo shagon da dusar ƙanƙara a hularta tana ihu, wai wata babbar ƙungiya a ƙasar Suwidin za ta turo mutum ya kalli wasanta ranar Asabar ashirin da biyu ga wata. Abin da take jira ke nan tun tana 'yar shekara tara. Na rungume ta, har na ce mata wani abin kirki da na manta.

Sai ta ce, "Tsoho, sabon takalmi nake so. Wannan ya saki, ƙafata yawo take a ciki."

Takalmin nan watansa bakwai kacal. Na dai fito da farin kwali kamar yadda na saba, ta cire safa ta tsaya a kai, na durƙusa na zagaye ƙafar da fensir. Dama, sannan hagu. Na rubuta kwanan wata a gefe.

Ban sake kallon kwalin ba. Na kife shi a kan tebur.

Talata, 4 ga Nuwamba, takwas na safe

Zanen ƙafar masu ciniki yana durowar sama. Na 'yan gida yana ta ƙasa. Ban buɗe ta ƙasa ba.

Laraba, 5 ga Nuwamba, ɗaya na rana

Ta zo gwaji. Na fito mata da biyar da rabi, lambarta tun tana 'yar sha bakwai. Na sassauta igiya gaba ɗaya, na ce ta tura ƙafar gaba har yatsa ya taɓa, kamar yadda nake ce wa kowa.

Ta tura ta dama. "Ya taɓa."

Ta tura ta hagu. Ta ƙara turawa. Ta ce, "Bai kai ba. Akwai fili."

Na zura yatsana a bayan diddigenta, ya shiga daidai, yatsa ɗaya cur. Wanda ya san aikin nan ya san abin da wannan yake nufi: ƙafar ta riga ta kai bango. Na ƙwanƙwasa hancin takalmin da hannu, na ce, "Yanzu fa?"

"Baba, na ce maka akwai fili. Ko kamfanin ne suka ƙara girman lambarsu."

Na ɗora fensir a kwance a kan ramin igiya na uku. Idan takalmi ya ɗauke ƙafa, fensir zai kwanta a kan gefunan biyu bai taɓa fata ba. Wannan sai ya hau doron ƙafarta yana lilo. Bara bai yi haka ba. Yatsun ma sun fara tanƙwarewa ciki, kaɗan dai, wanda ba ya durƙuso a gaban ƙafafu kullum ba zai gani ba.

Ta ce in kawo biyar. Na ce babu a shago. Ta leƙa kan kantar shagon ta ce, "Wancan jan kwalin fa, kifi ne a ciki?" Ta yi dariya, ni ma na yi. Na ce wannan na wani ne, ta ba ni kwana biyu.



Alhamis, 6 ga Nuwamba, bakwai na yamma

Sirkka ta yi romon kifi. Ta tambaye ni me ya sa nake juya cokali ba na sha. Na ce gishiri ya yi yawa. Shekararmu talatin da aure, ba ta taɓa cika gishiri ba, kuma ta sani.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, sha biyu na rana

Na buɗe durowar.

Na Sirkka guda goma sha ɗaya ne. Na farkon tun kafin mu yi aure, ranar da ta shigo shagon nan da sandar hoki a kafaɗa ta ce min takalman da nake sayarwa na tsofaffi ne. Na ƙarshen daga shi ban sake auna ta ba, don babu takalmin ƙanƙarar da za a sa kuma. Yanzu da sanduna biyu take tafiya, da ƙarafan da ke riƙe mata idon sawu.

Na ɗauko na huɗu, wanda na zana tana 'yar ashirin da shida. Na haɗa shi da na Pihla na ranar Litinin, na ɗaga su a jikin taga. Hasken Nuwamba ba wani haske ba ne, amma ya isa. Tsakiyar tafin ƙafar ya ɗage daga kwalin a wuri guda. Yatsun sun ja baya iri ɗaya.

Na mayar da su. Ba zan rubuta sunan abin a nan ba.

Ina rufe durowar Jorma ya shigo shan gahawa. Shi ke tuƙa motar share ƙanƙara a filin wasa, tun muna makaranta muke tare. Ya ce, "Kai, idonka ya fara mutuwa ko? Jiya 'yarka ta faɗi sau biyu a atisaye, babu wanda ya taɓa ta. Koci tana cewa wasin ƙarfen ne bai yi ba."

Na ce e, laifina ne, dutsen wasin ya cinye. Jorma ya ajiye kofinsa ya dube ni. Ya ce tunda yake bai taɓa jin na amsa laifi ba, ko ba ni da lafiya ne. Na ce ya sha gahawarsa ya ba ni wuri.

Asabar, 8 ga Nuwamba, shida na yamma

Na hura wutar ɗakin sirace, inda muke wankan tururi, kamar kowace Asabar. Mata ke fara shiga, Sirkka da Pihla, ni in biyo baya. Pihla ta yi waya wai ta gaji, ba za ta zo ba. Sai yanzu na lissafa, rabonta da shiga tare da uwarta tun bazara. Kullum da dalili.

Sirkka ta shiga ita kaɗai. Na taimaka mata ta hau benci.

Litinin, 10 ga Nuwamba, biyar da rabi na yamma

Na ba ta biyar.

Bari in rubuta shi sosai, don kada gobe in yi wa kaina ƙarya. Ta zo, ta zauna, ta ce saura kwana goma sha biyu, sabon takalmi kuma yana bukatar mako kafin ya saba da ƙafa. Ta ce, "Ba na jin ƙanƙara, Baba. Kamar a kan katifa nake gudu. In ya matse ni sosai zan ji." Duk 'yan hoki haka suke, kowa so yake takalmi ya kama shi kamar fatarsa, rabinsu ko safa ba sa sawa. Ita ma ta daina sawa tun bara. A lokacin na ɗauka gayu ne.

Maganar tana bakina. Wallahi tana bakina. Na dubi fuskarta, sai na miƙe na ɗauko jan kwalin.

Na sa takalmin a tanda ya yi laushi, na fito da shi da ɗumi, na sa mata, na ja igiyar a hankali don kada ramukan su yage. Minti goma sha biyar za a zauna ba motsi har ya huce da siffar ƙafa. Tana zaune tana ba ni labarin garin da ƙungiyar take, wai akwai teku, wai za ta kai uwarta ta gani. Ni kuma ina kallon hancin takalmin hagu, na san yatsunta a dunƙule suke a ciki. Da wani ne da tuni ya fara zagina.

Ta ce, "Yauwa. Wannan ya fi."

Bayan ta tafi na sa na'urar buɗa takalmi na ɗan tura gaban, ba ta sani ba. Bai kai faɗin farce ba abin da na samu. Ni Raimo, mai korar mutane a kan rabin lamba.

Laraba, 12 ga Nuwamba, takwas na yamma

Na je kallon atisaye. Kai! Yarinyar nan iska ce. Ta juya da baya ta tare 'yar gabansu, ta ƙwace faifan robar da ake bugawa kamar ba komai. Ba ta faɗi ba ko sau ɗaya. Jorma ya ɗaga min hannu daga kan motarsa.

Wataƙila ni ne na tsufa. Wataƙila fensir ɗina ne ya karkace. Ƙafar 'yan wasa tana canzawa, na sha gani. Likitan Sirkka na da ma ce mana ya yi gadon abin rabi da rabi ne, rabi kuwa ai ba duka ba ne. Na ci abinci sosai yau, har da ƙari.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Ta kawo takalmin in wasa ƙarfen. Ta ajiye a kan kantar shagon, ta ɗauki alewar masu ciniki guda uku, ta ce za ta dawo da shida.

Kafin in ɗora a dutse nakan zura hannu ciki in ciro shimfiɗar ta sha iska. Ta hagu ta maƙale. Da na ciro ta, gabanta baƙi ƙirin, ya bushe ya yi tauri. Na kai hanci. Jini ne. Ba na yau kaɗai ba, kashi-kashi ne, wani kan wani.

Na fita bakin ƙofa da shimfiɗar a hannu. Tana can tana tsallaka titi, tana tsalle tana kauce wa ruwan da ya daskare, waya a kunne, tana dariya.

Ba ta ɗingishi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, tara na safe

Da ma ta yi ɗingishi. Allah, da ma ta yi ɗingishi.

Juma'a, uku na rana

Na Sirkka ma da ɗan ƙaramin ciwo ya fara, tsakuwa ce a cikin takalmi, ta yini da ita ba ta sani ba. Wata huɗu muna zaryar asibiti. Yatsu biyu suka tafi. Pihla tana 'yar shekara uku, ba ta tuna ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bakwai da rabi na yamma

Sirkka ce ta kira ta da kanta. Na ji tana cewa, "Ban tambaye ki ko kin gaji ba. Bayana nake so a cuɗa min, ubanki kuma hannunsa kamar kartar katako." Pihla ta zo.

Sun fi awa a ciki. Ina zaune a kicin ina yanka baƙin burodi, na yanka wanda ya ishi mutum goma. Da suka fito Pihla ta riga ta sa safa mai kauri. Ta ci tsiran nama a tsaye, ta sumbaci uwarta a ka, ta tafi. Sirkka ta jira har ƙarar motar ta ɓace.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun yaushe me.

"Raimo, kada ka raina min hankali. Kai ka riga likita ganin tawa da shekara biyu. Tun yaushe?"

Na ce tun uku ga wata.

"Da tawul ta rufe ta. A ɗakin sirace, da tawul a ƙafa! Da ya zame na ga yatsan, farcen ya tashi, gefen ya yi ja. Na ce ba ya miki zafi? Ta ce ko kaɗan, Mama, ai ni jaruma ce." Sai ta tsaya. "Wace lamba ka ba ta?"

Na faɗa mata.

Ban taɓa ganin Sirkka ta dube ni haka ba. Ta ce, "Ni na ba ta abin, ban da zaɓi. Kai kuma ka ba ta takalmin, kana da zaɓi." Daga nan ta fashe da kuka, ta ce ba haka take nufi ba. Haka take nufi, kuma gaskiyarta ne.

Na ce mu bari Asabar ta wuce, kwana bakwai ne kawai, kada mu karya mata zuciya kafin mutumin ya zo. Ta ce kwana bakwai a cikin takalmin nan ya isa a rasa yatsa. Ta ce ita ba za ta iya faɗa mata ba, don in Pihla ta dube ta, gobenta za ta gani a zaune da sanduna biyu. Ta ce, "Kai ne mai awo. Kai za ka faɗa."

Ban shiga siracen ba. Wutar ta mutu da kanta.

Litinin, 17 ga Nuwamba, biyar na yamma

Na shirya maganar tun safe, har na gwada ta da ƙarfi a gaban dutsen wasi. Pihla ta shigo, kafin in buɗe baki ta ce, "Huɗu da rabi."

Na ce me?

"Wannan ma ya saki. Huɗu da rabi nake so, yau, a gasa min."

Na ce ba zan bayar ba. Ta ce me ya sa. Na ce ba lambarta ba ce. Ta ce ai biyar ma na ce ba lambarta ba ce, ga shi na bayar. Na ce kuskure na yi. Ta ce, "To ƙafar wa ce, tawa ko taka? Wa ke cikin takalmin?" Murya ta hau. Na ce muddin ina numfashi huɗu da rabi ba zai fita daga shagon nan a ƙafarta ba. Ta ce shagona ba shi kaɗai ba ne a duniya, a intanet kwana biyu ne an kawo mata har ƙofa.

Na ce, "Pihla, ba takalmin ba ne."

Ta tsaya cak, hannunta a kan ƙofa. Ba ta juyo ba. Ta jira. Na rantse ta jira, na ƙirga numfashinta uku.

Sai na ce, "Igiyar ce. Ba kya ja da kyau."

Ta fita. Ko ƙofar ba ta buga ba.

Matsoraci. Ba ni da wani suna.

Talata, 18 ga Nuwamba, sha biyu na rana

Na kira sau huɗu. Ba ta ɗauka ba.

Laraba, 19 ga Nuwamba, biyu na rana

Jorma ya zo, bai zauna ba. Ya ce ya ga sabon kwali a ƙarƙashin bencinta a ɗakin sa kaya, ba da tambarin shagona ba. Ya ce, "Ban san me ke tsakaninku ba, ba kuma ruwana. Amma na ga lambar. Matata da ba ta kai kafaɗar Pihla ba, ita ke sa wannan." Ya ɗauki hularsa, a bakin ƙofa ya ce gobe suna gama atisaye ƙarfe uku, sauran 'yan matan kuma ba sa daɗewa.

Sirkka ba ta yi min magana ba tun Litinin, sai "ga abinci" da "kashe fitila".

Tsoro nake ji. In na faɗa, na kashe mata Asabar, na kashe mata Suwidin, wataƙila ta tsani uwarta. In ban faɗa ba, ina ganin ɗakin nan na asibiti mai koren labule. Duk inda na juya shi nake gani.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, shida na yamma

Na je. Na ɗauki kwalayen zanen nan biyu na sa a cikin riga, ban ma san me zan yi da su ba.

Ita kaɗai ta rage a ɗakin, tana zaune a benci da sabon takalmin a ƙafa, ko gasa shi ba a yi ba. Ta ce, "In faɗa ka zo yi, koma." Na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara, na kwance igiyar hagu. Da ƙyar takalmin ya fita. Ba zan rubuta yadda yatsan ya koma ba.

Na ce ta rufe ido. Ta ce wane irin wasa ne wannan. Na ce ta rufe dai. Na kama yatsan tsakiya na matsa.

"Wanne na riƙe?"

Na ƙara matsawa.

"Pihla, wanne na riƙe?"

Ta ce, "Ka riƙe ne?"

Ban san lokacin da na kifa goshina a kan gwiwarta ba. Ni da na zo in faɗa mata, ita ce ta dafa min kai. Ta ce tun hunturun bara. Ta ce da farko kamar ƙafar ta yi barci ne, sai ta ƙi farkawa. Ta san abin da ke gidanmu, ba yarinya ba ce, ta ga uwarta, ta ga hoton kakanta a keken guragu.

Na ce to me ya sa ba ta faɗa ba.

Ta ce, "Ai na zo wurinka. Takalmina lafiyarsa ƙalau, Baba, na sani. Na zo ne ka auna ni. Na ce a raina mutumin nan ba ya ƙarya a kan ƙafa, in akwai wani abu zai gani. Ka zana, ka yi shiru. Ka ba ni biyar. Sai na ce ashe ni ce nake ruɗa kaina, takalmin ne da gaske." Ta share hanci da bayan hannu. "Ranar Litinin na tsaya a ƙofa ina jiranka."

Na ce na sani. Na ce ta yafe min. Ban taɓa faɗin wannan kalmar ga kowa ba in ba Sirkka ba.

Na fito da kwalayen, ta ɗaga su a jikin fitila ta daɗe tana kallo. Ta tambayi shekara nawa uwarta ta ƙara yi tana wasa bayan wannan zanen. Na ce huɗu. Ta ce, "Huɗu." Ta sake cewa, "Huɗu." Na ce na kowa da irin tafiyarsa, likita ne zai faɗa ba mai sayar da takalmi ba. Ta ce jibi dai za ta buga.

Jorma yana can waje yana ta zagaya ƙanƙarar da ya riga ya share.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Sirkka ta zo shago. Rabonta da hawa matakalar nan uku shekara tara. Ta hau da kanta, ta ce in na taɓa ta za ta buga min sanda. Ma'aikaciyar jinya ta riga ta duba ciwon Pihla da safe, ta ce bai kai ƙashi ba, ta yarda da wasa ɗaya ba da son ranta ba, in za a naɗe shi kuma a duba bayan kowane zagaye. An ba Pihla ranar ganin babban likita, biyu ga Disamba. Sirkka ta naɗe yatsan, babu wanda ya kai ta iyawa. Ba su yi maganar komai ba, sai gardamar wace ce ta fi iya juyawa da baya a zamaninta.

Biyar da rabi, mai zurfin ciki, don doron ƙafar ya samu wuri. Na yanka shimfiɗa ta musamman na cike mata tsakiyar tafin. Safa siririya, dole, na ce ba na son jin wata magana. Na fito da takalmin daga tanda na sa mata. Bakina ya buɗe da kansa, zan ce ta tura har yatsa ya taɓa. Na haɗiye.

Ta lura. Ta ce, "Kai za ka faɗa min inda yake."

Na zura yatsa a bayan diddigen. Na ɗora fensir, ya kwanta lafiya. Na ce, "Ya taɓa. Yana daidai inda ya kamata."

Ta ce, "To ja igiyar."

Asabar, 22 ga Nuwamba, takwas na yamma

Ta buga. Ban ga wasan sosai ba, ƙafar hagunta kawai nake bi. Ta faɗi sau ɗaya a zagaye na biyu, babu kowa kusa da ita. Ta tashi. An ce sun ci uku da biyu.

Duk hutu ina bakin ɗakin sa kaya. Ta fito ta zauna, ta miƙo min ƙafar, ta kau da kai. In cire, in duba, in ce babu jini, in mayar.

Mutumin Suwidin ya same ta bayan wasa, dogo mai gilashi. Sun yi magana sun daɗe. Na ga ta nuna masa ƙafarta. Ya rubuta wani abu, ya ba ta hannu, ya ce zai kira bayan biyu ga wata. Ban san me fuskarsa take nufi ba. Ba ni da gwaninta a fuska.

Litinin, 24 ga Nuwamba, biyar na yamma

Ta zo da kanta, ta juya allon ƙofa zuwa "a rufe". Ta ce daga yau duk Litinin ɗin farkon wata zan auna ta, kuma duk abin da fensir ya nuna in faɗa da bakina kafin ta sa safa. Na ce to. Ta ɗauki zanenta na uku ga wata ta sa a durowar ƙasa, a kan na uwarta.

Sannan ta cire takalmin dama. Ban zaci wannan ba. Ta ɗora ƙafar a kan gwiwata, ta rufe ido.

"Gwada wannan."

Hannuna ya ƙi. Ta ce, "Tsoho, ina jira." Na kama ƙaramin yatsa, na can ƙarshe, ban ma matsa sosai ba.

Na ji motar watsa wa ƙanƙara gishiri ta wuce a titi.

Ta ce, "Ƙaramin."

Na ce e, shi ne.

Ta buɗe ido. "Da gaske?"

Na ce da gaske. Ta daɗe tana kallona kafin ta yarda, kuma ni na jawo wannan.

Na rubuta a gefen kwali: dama, ƙaramin yatsa, ta ji, ashirin da huɗu ga Nuwamba. Litinin mai zuwa ɗaya ga Disamba ce. Saura kwana bakwai.